Sifili Ɗaya a Takardar Mai Firji

Shekara ashirin da shida gwaggona ta yi a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakalar bene, tsallaken titi da ofishin haraji. Tebur ɗaya, fanka mai ƙugi, tsohuwar kwamfuta, sai kabad biyu cike da fayil. 'Yan kasuwa suna kiranta Akanta, duk da ba ta da takardar akanta. Aikinta cike wa masu shaguna fom ɗin haraji da bin sawunsa. Da wannan ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, kuma ko biron wani ba ta taɓa zuwa gida da shi ba.

Cikin mutanenta akwai Mai Firji, mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a layin baya. Shekara goma sha huɗu yana kawo mata rasitansa a leda, duk maiƙo. A shekarar da nake ba da labari, an cire masa haraji fiye da ƙa'ida, Gwaggo ta nema masa a mayar da dubu arba'in da takwas. Da kuɗin suka shigo asusunsa, sai ga dubu ɗari huɗu da tamanin.

Ya shigo mata baki har kunne.

"Hajiya, ashe haka kika iya aiki kika bar mu muna wahala?"

Ta duba wayarsa, ta jawo fayil ɗinsa, ta daɗe tana kallo.

"Malam, ba naka ba ne. Wani ya ƙara sifili."

"To wa ya sani?"

"Ni na sani."

Ya riga ya taɓa kuɗin: ya biya wa 'yarsa kuɗin makarantar koyon jinya, ya sayi injin zuba gas. Gwaggo ta yi ta lallashinsa har sati uku. Ta ce masa in ya mayar da kansa, babu abin da zai same shi, ita ta tsaya masa. Ya yarda da ita kamar yadda ya saba. Ya mayar da injin a kan asara, ya ranto sauran wurin surukinsa.

Da hannunta ta rubuta wasiƙar mayar da kuɗin. Sau uku suna tsallaka titi tare. Ranar farko aka ce babu fom ɗin mayar da kuɗi. Rana ta biyu mai sa hannu yana taro. Ta uku wata ma'aikaciya ta dube su ta saman tabarau ta ce, "Ku dai kuna son wahalar da mutane," sannan ta karɓa.

Bayan wata biyu takarda ta iso. Babu kalmar godiya a ciki. Suna neman kuɗin ruwa na kwanakin da kuɗin suka yi a hannunsa, kuma tunda an sami matsala a fayil ɗinsa, za a binciki littafinsa na shekara shida. Binciken ya tono wasu ayyuka da ya yi ba rasit, irin wanda kowa a layin yake yi. Aka ci shi tara, aka garƙame shagon kwana ashirin da firjin mutane a ciki. Masu kaya suka yi ta zarya ƙofar gidansa suna zaginsa a gaban iyalinsa. Babur ɗinsa ya tafi a biyan tarar. 'Yar ta dawo gida a tsakiyar zangon karatu.

Gwaggo ta rubuta ƙorafi har huɗu. Ba a amsa ko ɗaya ba. Ma'aikacin da ya ƙara sifilin kuwa, ta san shi, kullum tana ganinsa yana ajiye motarsa a inuwa.

Mai Firji bai zage ta ba, da ma ya yi. Ya zo wata Laraba, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi zama.

"Hajiya, takarduna."

Ta ɗauko, ta ɗaure masa da roba.

"Malam, wallahi ban san haka za su yi ba."

"Na sani. Ai shi ya sa."

Labari ya zagaya layin: kada ka kai wa Akanta sirrinka, za ta kai ka da kanta. Wani mai fenti ya kwashe fayil ɗinsa, wani tela ya bi. Kafin shekara kabad ɗaya ya zama wofi, kuɗin haya ya gagara, ta miƙa makulli.

Yanzu tana rubuta rasit a wani ɗakin shan magani, tana tsaye rabin yini, ga ciwon gwiwa. Na taɓa ce mata ai gaskiya ta yi, Allah ya gani.

"Ke bar ni," ta ce. "Kuɗin ba nasa ba ne, wannan har gobe ina nan. Amma da sai in ce ya ajiye su gefe, in fara shiga ni kaɗai in ji yadda za su karɓe shi. Na san ofishin nan shekara ashirin da shida, na ja mutum na kai musu. Sunana nake wankewa, shi ya biya sabulun."

Ta ɗauki jakarta ta fita, don ta riga ta makara wurin aiki.