Rasitan Injiniya Sun Yi Baƙi

Ina tsaye a layi a shagon fotokwafi na Murja a Ikara, na kasa ɗauke ido daga mutumin da ke gabana. Dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa, hular kwano a hammata, takalminsa ya sha jar laka. Injiniya take kiransa. Ina jin rijiyar burtsatse yake haƙawa a ƙauyukan Janfalan, don wannan hannu ba na mai zaman ofis ba ne.

Yana zaro rasitai daga ambulan, yana miƙar da kowanne a cinyarsa: na mai, na bututu, har na takalmin da ke ƙafarsa.

"A ofishin haraji sun ce za a rage mini abin da na kashe wajen aiki, in dai da rasit," in ji shi. "Na bara rubutunsu ya goge, suka ce farar takarda ba shaida ba ce. Malama, na bana liƙe mini su a leda."

"Injiniya, irin wannan takarda ba ta son zafi. In yi fotokwafi tukuna?"

"Sun ce na asali suke so. Saka kawai."

Injin ya haɗiye su, ya fito da su baƙi ƙirin, suna sheƙi.

Bai yi faɗa ba. Ya ɗaga su saitin hasken ƙofa yana ƙanƙance ido, yana neman wahalar shekara guda a ciki. Can ya mayar da su ambulan a hankali, ya biya kuɗin leda.

"Malama," ya ce, "ba ni rasit."