Na Je Kaduna Ɗauko 'Yata Mai Shan Jini

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Zariya, ni da ƙanwata, za mu Kaduna ɗauko yarinyar wajena. Tun farkon hutu gwaggonta, yayar mijina, ta tafi da ita Kurmin Mashi. A can wani darakta maƙwabcinsu ya ga manyan idanunta ya ce ita yake nema. Fim ɗin ban tsoro suke yi, ita ce za ta fito a yarinyar da ta mutu ta dawo tana shan jinin mutane. Babanta ya amince, kakarta ta yi ta faɗan kada a laƙaba wa jikarta maita, ni kuwa ba wanda ya tambaye ni. 'Yar fari ce. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta janta a jiki a gaban mutane, ba ta sa baki a maganarta. "Ke" nake ce mata, ita kuma Anti take ce min, yadda ta ji ƙannen babanta suna faɗa.

Kuɗin mota ya sake tashi, direba ya ɗora laifin a kan fetur tun kafin a tambaye shi. An cusa mu a baya da wata mai buhun barkono, muka yi ta atishawa har Jaji. Damina ta yi kyau, masara ta rufe gefen hanya, masu tallar dafaffiya suna turo ta ta taga. A Maraban Jos tireloli suka tsare mu. Da muka sauka a Kawo muka karya da masa da miyar taushe, ta yi daɗi amma an rage mata girma, sannan muka hau keke zuwa Unguwar Kanawa inda ake ɗaukar fim ɗin.

Wani tsohon gida ne mai zaure. Rana tsaka, amma an toshe tagogi da baƙaƙen barguna don a ce dare ne, janareta na ta ruri a waje, ciki kuwa zafi kamar madafa. Jinin da za ku gani ku rufe ido, zoɓo ne aka dama da sitaci da sukari. Ƙudaje na binsa, masu riƙe fitilu suna lakata suna lasa. Can na hango yarinyar an shafe mata fuska da farar hoda, an sa mata fiƙoƙin roba. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Anti, sannu da zuwa." Na ce yauwa, na kau da kai kamar yadda na saba.

Sai ga matar da ta fito a uwarta, doguwa, fara, ƙamshinta ya riga ta shigowa. Yarinyar ta miƙe da gudu tana kiran "Umma!" ta faɗa jikinta. Kyamara fa a kashe take. Matar ta ɗaga ta, ta kira sunanta da ƙarfi, ta ƙara kira, tana goge mata gumi da gefen mayafinta. Abin bai yi min daɗi ba.

Da aka fara ɗauka abin ya ƙaru. A labarin, uwar ce ke ɓoye ta a ɗaka, in yunwa ta taso mata ta miƙa mata hannunta ta ciza, don kada ta fita ta taɓa 'ya'yan maƙwabta. Matar na kuka da hawaye na gaske, tana shafa kan yarinyar. Darakta ya ce a sake, aka sake, ya ce a ƙara. Duk sakewa sai ta ƙara rungume ta. Mutane na ta sambarka, ni ina tsaye a bayan fitila na cika na batse. Ba zan ɓoye muku ba, kishi ne zalla, kuma ban taɓa jin irinsa ba.

Lokacin cin abinci aka kawo shinkafa da wake da mai da yaji. Matar ta zauna ta tsince albasa daga kwanon yarinyar, tana gaya wa mutane wai 'yarta ba ta cin albasa. Ni da na san haka tun ana yaye ta, kullum nake ware mata nata a tukunya ba tare da na ce komai ba. Ƙanwata ta zungure ni ta ce, "Yaya, ko a zubo miki zoɓon nan ki huce?" Na harare ta.

Bayan an gama, matar ta zo ta zauna kusa da gwaggo, wadda ita ta rako yarinyar wurin, ko kallona ba ta yi ba. Ta ce tana roƙon a bar mata yarinyar a gidanta da ke Doka ta ƙarasa hutu, in ma an yarda ta sa ta a makaranta a nan. Gwaggo ta washe baki ta ce, "Ai Hajiya magana a hannuna take. Na ba ki. Babanta ba ya ƙetare maganata." Yarinyar ta hau tsalle.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi, shi na kira, cikakke, da ƙarfi, na ce ta ɗauko jakarta gida za mu. Na ce 'yata ce, ba inda za ta kwana yau sai ɗakina. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Lallai! A gabana? Ina kunyar taki?" Matar kuwa ta dafa ƙirji ta ce, "Don Allah ki yafe ni, baiwar Allah. Wallahi ban san ke ce mahaifiyarta ba, na ɗauka ƙanwar babanta ce." Na so a ce zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Da la'asar muka koma Kawo. Gwaggo ba ta raka mu ba. Mota ta cika da wuri, yarinyar ta zauna tsakanina da taga ta juya min ƙeya, tana ta sharar hawaye, ragowar hoda duk ta ɓata mata wuya. Ita Doka take so, na sani. Ƙanwata ta saya mata gyaɗa ta ƙi karɓa. Mun wuce Jaji ruwa ya tsuge. Sai na ji ta juyo, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Anti, ashe kin san sunana?"

Na jawo kanta na kwantar a cinyata, a gaban ƙanwata da fasinjoji da kowa, ban ɗaga ta ba har tasha.

Mun shiga gida ana kiran magariba. Labari ya riga mu isowa ta waya, kakarta ta amsa gaisuwata a daƙile, kuma na san za a daɗe ana yi da ni a dangi. Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, Kaduna ta yi tsada, jinin fim zoɓo ne, sannan duk shirun da nake yi ina ganin kowa ya san na kunya ne, ita ba ta sani ba. Shekararta tara tana zaton ban damu in riƙe sunanta ba.