Ƙullin Goron Baba Maitama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga Maris, 1977, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Maitama, mai goro a unguwar Cocotiers ta birnin Libreville, bayan jinyar kwana huɗu. Shekarunsa ban san su tabbas ba, don haka ba zan rubuta ba. Shi da kansa cewa yake yi ya haura saba'in.

Baba, wasu za su faɗi yadda kake sauke baƙi da yadda kake sulhunta 'yan kasuwa. Ni abin da ya faru da ni kaɗai zan faɗa, don shi ne na sani.

A watan Yunin bara na gama makarantar awon ƙasa. Wata biyu bayan haka zazzaɓin hanji ya kwantar da ni mako shida. Likita ya ce na warke, amma ni, da nake gudun tsere a makaranta, sai na koma tsoron ƙafafuna. In na taka zuwa bakin titi sai in tsaya ina sauraron bugun zuciyata. Wani kamfani mai gina hanya a Okala ya ba ni aiki, in fara 3 ga Janairu, kuma aikin yini ne a ƙafa. Har na rubuta takardar cewa ba zan iya ba, saura in aika.

Ba ka yi mini nasiha ba. Kirana ka yi, ka miƙo mini ƙullin goro a ganye, ka ce, "Mamuda, kai wa Sali tela, nan bayan masallaci. Kada ka shiga taksi, zafin mota na ɓata goro." Wa zai ƙi aiken dattijo? Na je ina haki. Washegari wani ƙullin, wani gidan, ya ɗan fi nisa. A mako na uku ina zuwa tashar jiragen ruwa ta Port Môle wajen Mahamadou direba, in dawo, in ci abinci kamar ɗan dako.

Ranar aike na ashirin da uku ganyen ya kwance a hanya. Goro sha ɗaya ne, ɗaya da tsaga a gefe. Kwana biyu bayan haka na buɗe da gangan: sha ɗaya, ga mai tsagar. Ashe duk wanda na kai wa, da yamma yake mayar maka, matarka Inna Ƙulu ta yayyafa ruwa ta sake ganye. Na zo ina fushi. Ka yi dariya har da tari, ka ce, "Kai ɗan boko, sai yau ka gane? Goron nan ya fi ka sanin Libreville. Gobe Okala za ka kai shi."

Na kai shi. Kilomita sha biyu zuwa, bisa awon motar Mahamadou. Na yaga takardar, na fara aiki ranar da aka ce.

Labarin rasuwarka ya iske ni a wurin aiki da ƙarfe ɗaya saura kwata, aka ce za a yi maka salla bayan azahar, ƙarfe biyu. Motar kamfani ta fita, taksin da suka wuce duk a cike. Na ajiye kayan awo na fara tafiya, sai na ji ina gudu, karo na farko cikin wata bakwai. Ban tsaya sauraron zuciyata ba. Na iso ana daidaita sahu, gumi ya jiƙe ni, Mahamadou ya matsa mini wuri. Na samu kabbarori huɗun duka, Baba. Ko ɗaya bai wuce ni ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Ƙulu, da 'yarsa Raliya, da 'yan'uwansa na Kano waɗanda wasiƙa ba ta kai musu ba tukuna, da duk jama'armu ta nan. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya jiƙan Baba Maitama, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Duk taku na alheri da zan yi har ƙarshen rayuwata, ya Allah Ka rubuta masa ladansa. Amin.

Mamuda Ubale
Cocotiers, Libreville