Koren Zaren Gyale

Shekara shida ke nan, amma ban taɓa mantawa da ranar Larabar nan ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Lokacin ina mataimakiyar shugaba a wata cibiyar koya wa mata dukanci a Kura. Ƙa'idarmu ita ce a auna wanda ya kawo aiki da zare, a ɗaure zaren a jikin fatar har a gama ɗinki.

Ana tsakiyar kakar tumatir wata dillaliya daga wajen Kadawa, tsohuwar mai sayen jakunkunanmu, ta ja ni gefe. Maɗauran wuyan hannu take so, a shimfiɗa musu fatar tunkiya mai laushi daga ciki, da maɓallin da wadda aka ɗaure za ta iya ɓallewa da kanta.

"Na wata ƙawata ne," ta ce a hankali. "Ita ke son ɗaurin, ni ke ɗaurawa. Igiya ta ji mata ciwo. Don Allah, Yaya Hajara, daga ni sai ke."

Nan take na gane. Ba hanyata ba ce, amma amana ta ba ni, na karɓa. Awon ma ta zo da shi, da zaren da ta zare daga koren gyalenta, gyalen da duk kasuwa ta sani.

Na ɗinka, na tura ƙarƙashin fatu. Zaren na bari a jiki, saboda sabo.

Ranar Larabar shugabarmu ta tono aikin. Maimakon ta kira ni ofis, sai ta ɗaga shi gaban ɗalibai goma sha biyu tana dariya.

"Ku zo ku ga kayan 'yan maɗigo! Wannan zaren ai kun san mai shi."

Na ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah! Rai ne fa a hannunki."

Ta ce ita tsabtace cibiya take yi.

Kafin Juma'a zance ya kai bakin kanal ɗin noman rani na Kadawa. Dillaliyar ta gudu, ta bar kwandunan tumatirinta suna ruɓewa a bakin titi. Ƙawar kuwa, yayyenta maza suka zo suka tafi da ita, ban sake jin ɗuriyarta ba.

Ban yafe wa Hajiya ba, kuma ban yafe wa kaina ba. Ku da kuke koyo a hannuna yanzu, aikin da ba ku yarda da shi ba, ku ƙi shi tun a baki. In kun karɓa, asirin mai shi na wuyanku. Shi ya sa kuke ganin da na gama yanka fata nake ƙone zaren awo.