Katin Yaya Lawal Na Shafi Talatin Da Ɗaya

Aikin nan wahala ne, ba zan ɓoye ba. Yau shekara huɗu da rasuwar yayana, Malam Lawal, kuma har yanzu idan na tuna shi, wahalar ce ke fara zuwa mini kafin fuskarsa.

Malamin makaranta ne a Kazaure. Ni gyaran babur nake yi a Roni, aji huɗu na tsaya. Shi ya tara mutum bakwai suna mayar da wani labarin zane zuwa Hausa, kyauta, don yaran firamare. Labarin wata mata ce mai haƙa rijiya. Ya sa mana wata manhaja a waya mai allo kashi uku: wanda ke jira, wanda ake yi, wanda aka gama. Kowane shafi da katinsa, kowane kati da sunan mai shi. Nawa aikin shi ne in karanta maganar da suka zuba a bakin mutanen zanen, in faɗa ko haka ake magana a kasuwar Gwiwa. Yawanci ba haka ba ne.

Sabis ya yi ta ɗaukewa, hannu duk baƙin mai, ga kiran Yaya na shigowa. "Ado, katinka ya kwana uku bai motsa ba." In ce, "Yaya, ai ba jaki ba ne." Ba ya dariya. Yakan ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma fa sai kowa ya sa nasa.

Ya kwanta ciwo da damina, bayan sati biyu aka yi jana'izarsa. Shafi talatin an gama. Na ƙarshe yana kashi na tsakiya, da sunansa a kai.

Nan ya zauna shekara huɗu. Duk masu aikin na ƙasa da shi ne da ɗalibansa, wa zai cire sunan babba ya ɗora nasa? Kamar a shiga ɗakin mamaci ne a ɗauki hularsa kafin rabon gado. Ni ko taɓa katin ban yi ba. Yara a makarantu uku sun karanta har inda matar ta kai ga danshi, ba su ga ruwa ba. Wasunsu yanzu suna sakandare.

Da zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Ƙungiyar ta kai mutum ashirin, sun gama wasu littattafai biyu, wasu ma na'ura suke sa wa ta yi musu fassarar. Ina jin ba wannan zai dame shi ba. Katin nan zai nuna, ya ce wane ragon ne ya bar aiki haka. Ladabin da muka yi masa, shi a wurinsa lalaci ne.

Ranar Laraba Malama Hadiza ta Babura, wadda ke riƙe da allon yanzu, ta kira ni. "Baba Ado, kai ne ƙaninsa. In ba kai ka matsar da katin nan ba, ba mai matsarwa."

Na ce, "In na matsar, an rufe littafin, sunansa ya bar allon ke nan."

Ta ce, "Haka ne. Amma ka buɗe ka gani tukuna."

Rai baƙon duniya ne, na sani. Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari shi ne mutum ashirin da ba sa barin aiki ya kwana uku, da wannan kati ɗaya. Allah Ya jiƙansa.

Washegari bayan na karya, na zauna a bencin shago na buɗe. Ya gama fassarar duka. A ƙasa ya rubuta: "Kada a rufe sai Ado ya ji."

Na karanta a fili, ni kaɗai. Matar ta ga ruwa, ya sa mata dogon jawabi irin na malamai. Na goge, na rubuta, "Alhamdu lillahi. Ku miƙo guga." Na ja katin zuwa kashi na uku. Ban ji komai ba. Wani ɗan acaba ya turo babur da faci, na tashi na ɗauko sifana.