Takwas ɗin da Ka Bari a Karkace

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina tsaka da buga shafi na talatin da tara na takardarka, shugaban sashe ya leƙo ya ce, "Farfesa ya cika." Malam, haka ake yi? Saura shafi ɗaya tak!

Shekara goma sha tara ina buga maka rubutu, rubutun nan naka kamar kaza ta taka tawada. Tambaya ɗaya ka riƙe, ka ƙi saki: ban da tsawo da faɗi da zurfi, ko akwai wasu fuskoki ƙanana a naɗe, waɗanda ido ba ya gani? Kuma ko adadinsu yana da iyaka? Ka sha ɗaga allura da ɗan maganaɗisu a kan teburina, kana cewa, "Duba, 'yata, duniya guda tana jan allurar nan ƙasa, amma ɗan wannan abu ya fi ƙarfinta. Ƙarfin jan duniya yoyo yake yi ta waɗancan fuskoki." Ni kuwa yunwa na ci na, ka hana ni tashi.

A shekarata ta farko na ga takwas-takwas a kwance cikin lissafinka. Na ɗauka ganganci ne, na bi su duka na miƙar. Ashe takwas a kwance alamar rashin iyaka ce. Na saddaƙar kora ce. Sai ka yi dariya har da hawaye, ka ce, "Kin warware a yini ɗaya abin da ya gagare ni shekara goma." Ka zauna ka gyara da kanka, da yatsa biyu, ba wanda ya ji labari.

To, ga abin da ka bar ni da shi. Shafi na arba'in a gadon asibiti ka rubuta shi, kuma layin ƙarshe shi ne amsar: adadin fuskokin. Alamar a karkace take, ba a tsaye ba, ba a kwance ba. In takwas ce, lissafinka na shekaru ya tsaya da ƙafarsa. In rashin iyaka ce, ƙarfin jan ya tsiyaye, sai a koma farko. Ɗalibanka biyu saura kaɗan su dambace a kai. Na je wurin uwargidanka, ta share hawaye ta ce, "A kishingiɗe ya rubuta, 'yar nan, ni na riƙe masa littafin." Haba Malam! Sau nawa na roƙe ka ka riƙa rubutawa da kalmomi?

Masu mujallar da za ta wallafa takardar suna jira zuwa Litinin. Ba zan zaɓar maka amsa ba. Na ɗauki hoton layin, na manna shi yadda hannunka ya bar shi. Wallahi haushinka nake ji, har sau biyu na tashi da takardar zan je in tambaye ka, sai na tarar da ƙofarka a kulle.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya yalwata kabarinka. Ya ba uwargida da 'ya'ya da ɗalibanka haƙurin rashi. Ni ma Ya ba ni, don nawa ya ƙare.