Ƙoƙunan Ɗantani Wanzami

Duk wanda ya ci kasuwar Wudil ranar Juma'a a wancan zamani ya san Ɗantani wanzami. A gindin wata darbejiya yake shimfiɗa tabarmarsa, kan hanyar shiga kara, inda Fulani da dillalan shanu suke wucewa. Askinsa dai, a faɗi gaskiya, ba wani abin a zo a gani ba ne. Yakan bar gashi a bayan kunne, wani lokacin ya haɗa maka da ɗan yanka kyauta. Amma layi ba ya yankewa a wurinsa.

Da ya shafa maka sabulu sai ya ce, "Riƙe wata lamba a ranka, kada ka gaya mini. Ninka ta biyu. Ƙara goma. Raba abin da ka samu gida biyu. To, cire wadda ka fara riƙewa." Sai ya shiga wasa aska, ya leƙa cikin kunnenka kamar mai neman abin da ya faɗa ciki, ya ce, "Biyar ta rage." Kuma biyar ɗin ce. Wani makon ya ce ka ƙara goma sha huɗu, ya ce maka bakwai. Manyan dillalai masu riga har ƙasa sukan tashi daga tabarmar nan jikinsu a sanyaye.

Wannan dabara ba gado ba ce. Wani malamin firamare, Malam Zakka, mutumin Kagoro, shi ya koya masa tun suna samari, lokacin da yake zuwa aski wurinsa. Ya fara rubuta masa da haruffan boko a ƙasa, Ɗantani ya ce shi bai ga komai ba sai tafiyar tsutsa. Sai malamin ya sayi gyaɗa ya nuna masa da ita, nan take abin ya zauna.

Wannan ɗan wasa shi ya ɗaga Ɗantani. A gidansu da ke Utai shi ne wanda ba a kira in za a yi kaciya ko cire beli, mahaifinsu ma da ƙyar ya ba shi zabira. Yanzu ga shi ana raɗe-raɗin yana gani har hanji. Bai taɓa cewa haka ne ba. Bai kuma taɓa cewa ba haka ba ne, don abin yana yi masa daɗi ƙwarai, kuma da shi yake ciyar da gidansa.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, rediyo ta yi ta faɗin za a fara dawo da sojojin da aka kai Saliyo. Wata Juma'a da hantsi, mutane sun cika tabarma, sai ga wata dattijuwa ta tsuguna can gefe, da kaza a hammata an ɗaure mata ƙafa. Sunanta Hansai, daga Lajawa ta taso. Suka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da damina, sannan ta ce, "Malam, ɗana Bilya soja ne, yana cikin waɗanda aka kai. Tun bara ba mu ji duriyarsa ba. An ce mini kana sanin abin da ke ɓoye. Ka duba mini, yana raye?"

Aska ta tsaya a hannun Ɗantani. Tausayinta ya kama shi, tsoro ma ya kama shi. Kalma ɗaya ce zai faɗa ta tashi tana sa masa albarka, sunansa kuma ya kai har Achika. Ya dubi ƙafafunta, duk sun yi futu-futu da tafiya.

Ya ce, "Inna, matso kusa."

Ya zubar da ruwan ƙoƙon askinsa, ya ari wani ƙoƙon a wurin mai fura, ya karɓi gyaɗa a hannun wani da ke jiran layi. Ya juya baya, ya ce ta kife ƙoƙo a kan gyaɗa ko nawa ta ga dama, ta kife ɗayan a kan daidai wannan adadin. Ta yi. Ya juyo ya jera ƙwaya goma a fili.

"Kin ga an ninka, an ƙara goma. Yanzu a raba biyu." Ya ture ƙoƙo ɗaya da ƙwaya biyar gefe. "Saura ƙoƙo ɗaya da biyar. Cire abin da kika ɓoye." Ta janye ƙoƙon. Ƙwaya biyar suka rage a tabarma, kowa yana kallo.

"Rabin goman da na zuba ne, Inna. Nawa ne ya dawo mini. Abin da ke ƙarƙashin ƙoƙon nan, ko ɗaya ne ko ɗari, ban san shi ba, ban kuma taɓa sanin na kowa ba."

Wani dillali ya tuntsire da dariya, ya ce ashe shekara da shekaru rabin goma ake sayar musu. Biyu daga cikin masu jira suka sa hulunansu suka miƙe. Ɗantani ya san kafin la'asar maganar ta gama zaga kara, bai ko ɗaga kai ya dube su ba. Ya ce wa Hansai akwai wani tsohon soja mai gadi a sakatariya, zai raka ta su tambaye shi barikin da ake zuwa cigiya.

Ta daɗe tana kallon gyaɗar. Ta gane sarai, abin da ya fi ba shi tausayi ke nan. Can ta gyara wa kazarta zama a hammata, ta ce a hankali, "Allah ya saka da alheri, ɗan nan. Amma da ka ce mini yana raye, da yau na iya cin abinci."

Ɗantani ya mayar da askarsa cikin zabira. Ya bar mutum da rabin kai a aske, ya ɗauki takalmansa, ya shiga gaba tana biye da shi.